Me Aka Samu? Suna, Wuƙa Da Haƙƙin Jaririn Da Jinsinsa Bai Bayyana Ba

A Dakoro, kamar a ko'ina cikin ƙasar Hausa, idan labarin haihuwa ya fito daga ɗaki, tambayoyi biyu ne ke tarbarsa a bakin zaure. Ta farko: "An sauka lafiya?" Ta biyu kuwa, wadda sau da yawa takan riga ta farkon fita daga baki, ita ce: "Me aka samu?" Amsarta kalma ɗaya ce tak, namiji ko mace, kuma a kan kalmar nan ake aza ginin rayuwa baki ɗaya: sunan da liman zai raɗa, irin kayan barkar da dangi za su kawo, aikin da yaro zai tashi da shi, sahun da zai tsaya a sallah, rabonsa na gado, har da waɗanda za su yi masa wanka ranar da ya koma ga Mahaliccinsa.

To amma akwai ranar da ungozoma takan ɗaga jariri ta duba, ta matsa kusa da haske ta sake dubawa, sa'an nan ta yi shiru. Abin da ta gani bai cika siffar ɗa namiji ba, bai kuma tsaya a siffar ƴa mace ba. Bahaushe yana da suna ga wannan hali, mata-maza, sai dai sunan ya daɗe a bakin masu ba'a, har ba ya fita sai da dariya ko da raɗa. Malaman fiƙihu suna cewa hunsa. Likitoci kuwa, tun bayan taron da masana kusan 50 suka yi a birnin Shikago na Amurka a shekarar 2005, suna kiransa tangarɗa ko bambanci a ginuwar jinsi. Ƙididdigar da suka fi dogara da ita ta nuna cewa a cikin haihuwa 4,500 zuwa 5,500 akan sami jariri ɗaya da ido ba ya iya yanke hukunci a kansa. Idan aka auna wannan da Nijar, inda ake haihuwar jarirai sama da miliyan ɗaya a shekara, lissafi zai ba da kusan 200. Wasunsu a Yamai za su zo duniya, kusa da manyan asibitoci. Wasu kuwa a wata ruga ta kwarin Tarka, ko a wani ƙauye tsakanin Kornaka da Dakoro, inda babu kowa a ɗakin sai ungozoma da kaka da fitila.

Me ke kan waɗannan mata, da mu da muke jira a zaure, a cikin kwanakin nan na farko? Wane hukunci ne ba ya jira, wane ne kuma jinkirta shi ya zama wajibi? A ganina mun saba juya lamarin baibai: muna gaggawa a inda ya kamata mu dakata, muna kuma nawa a inda rai yake kan siraɗi.

Yadda Hanya Ke Rabuwa

Ba a hukunci a kan abu sai an san shi. A makonni shida na farkon ciki, ɗan tayi namiji da mace tsari ɗaya gare su. Tushen da zai zama maraina shi ne dai tushen da zai zama ƙwan mace, kuma tsokar da za ta zama gaban namiji ita ce wadda za ta zama gaban mace. Daga wajen mako na bakwai hanya ke rabuwa. Mai ɗauke da kuromosom XY, a galibi, yana da wata ƙwayar gado da ake kira SRY, wadda aka gano a 1990, ita ce ke ba da umarni tushen nan ya zama maraina; maraina kuma su fitar da sinadaran da ke siffanta gaba ya zama na namiji kafin ciki ya wuce wata uku. Ga mai XX kuwa, wasu ƙwayoyin gadon ne ke jan jiki zuwa ƙwan mace da mahaifa.

Tafiya ce mai zango da yawa, kuma a kowane zango ana iya samun saɓani. Akwai mai XY wanda jikinsa ba ya jin saƙon sinadarin maza ko kaɗan, sai a haife shi da cikakkiyar siffar mace, ba za a gane ba sai an ji ƙullutu a matsematsi, ko kuma shekarun balaga su zo haila ba ta zo ba. Akwai wanda sinadarin yake da shi amma jiki ya kasa juya shi zuwa nau'insa mai ƙarfi. Irin waɗannan ne likita Julianne Imperato-McGinley ta bayyana a 1974 daga wani yanki na Jamhuriyar Dominika: yara da aka raina a matsayin mata, da balaga ta zo murya ta buɗe, jiki ya koma na maza. Akwai kuma ƴa mace, mai XX da mahaifa da ƙwai, wadda jikinta ya cika da sinadarin maza tun tana ciki, har gabanta ya ɗauki kamar na namiji. Wannan na ƙarshe shi ne mafi yawa a cikin jarirai masu XX da siffarsu ta rikitar, kuma shi ne mai kisa.

Wa'adi Biyu

Al'ada ta yanka wa gidan haihuwa wa'adin kwana bakwai. A cikinsu za a nemi rago, a sayi goro da dabino, a aika wa dangi na nesa, a shawarta suna. Kowa ya san wannan wa'adi, kuma shi ne ke matsa wa uba da kaka lamba su ce wani abu, ko da ba su tabbata ba. Amma akwai wa'adi na biyu wanda ba a gani, yana tafiya a cikin jikin jaririn.

A kan kowace ƙoda akwai wata ƴar halitta zaune kamar hula, likitoci na kiranta adirenal. Aikinta sarrafa sinadarai ne, daga ciki akwai kotisol, mai riƙe jiki a lokacin ciwo da yunwa, da aldostiron, mai hana gishiri da ruwa zurarewa ta fitsari. Idan aka haifi jariri da naƙasu a wannan sarrafawa, kayan aikin da suka rasa hanya sai su karkata su zama sinadarin maza, kamar ruwan da aka datse wa magudana ya malale gonar maƙwabci. Cutar takan sami kimanin jariri ɗaya cikin 15,000, kuma uku cikin huɗu na masu nau'inta mai tsanani suna zubar da gishiri. Jaririn yakan zo da ƙoshin lafiya a ido. Daga ƙarshen makon farko zuwa mako na uku sai ya soma ƙin mama, ya riƙa amai, ya rame, maɗiga ta faɗa, jiki ya saki. In ba a kai gare shi da magani ba, cikin ƴan kwanaki sai rai ya yi halinsa. Wato a daidai lokacin da ake raba goron suna ne wa'adi na biyu yake soma cika.

Akwai abin lura a nan. Ɗa namiji ma yana gadon wannan cuta daidai da mace, amma shi gabansa ba ya nuna wata alama da ido zai tsaya a kai. A ƙasashen da ake ɗigar jinin kowane jariri a gwada, kamar Faransa tun 1995, akan gano shi da wuri. A ƙauyukanmu kuwa yakan tafi ne a mako na biyu, a ce zazzaɓi ne, a ce kwana ne ya ƙare. Saboda haka siffar nan da ke sa kaka ta rufe jaririya da zane don kunya, gargaɗi ce da aka ba ta aka hana ɗan'uwanta. Wanda ya ɓoye ta ya ɓoye wasiƙar ceto.

Magani kuwa akwai shi, kuma ba sabo ba ne. Tun 1950 likita Lawson Wilkins, a asibitin Johns Hopkins na Amurka, ya nuna cewa kotizon yana kwantar da cutar. A yau ana ba da ƙwayar haidirokotizon da ta fuludirokotizon, tare da gishiri gwargwadon awon likita ga jinjiri, kuma magungunan biyu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sha ne na tsawon rai, kuma dole a ƙara awo duk lokacin da zazzaɓi ya kama yaro, abin da duk wanda ya san daminar Dakoro da sauronta zai fahimci nauyinsa. Amma yarinyar da ta samu wannan kulawa tana iya girma, ta yi aure, ta haihu.

Ganowa ta farko ba ta buƙatar na'ura. Hannun ungozoma ya isa ya laluba matsematsi da fatar da ke ƙasan gaba: in an ji ƙwallo, kusan kullum maraini ne, in ba a ji komai ba a ɓangarorin biyu, ko da jaririn ya yi kama da namiji, to a ɗauka cutar gishiri ce har sai gwaji ya kore ta. Sai kuma a tambayi gidan: an taɓa rasa jariri a makonnin farko ba tare da sanin dalili ba? Uwa da uba ƴan'uwa ne? Daga nan babu abin da ya rage sai hanya: asibitin Dakoro, in ya tura a wuce Maraɗi, tafiyar kimanin kilomita 120, inda za a auna gishiri da sukarin jini, a ɗauki hoton ciki a ga ko akwai mahaifa. Gwajin kuromosom na manyan ɗakunan bincike ne, kuma sakamakonsa yakan ɗauki lokaci. Ceton rai ba ya jiransa.

Na san abin da ke tsaye a kan wannan hanya. Mai jego tana cikin wanka, al'ada ba ta son fitarta kafin arba'in. In haihuwar fari ce, kunya ta ɗaure mata baki, ba za ta ce a duba mata ɗa ba. A 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin mota da guzurin mai jinya ba su cikin alkawarin. Duk da haka, uban da ya iya sayen ragon suna yana da abin da zai kai ɗansa Maraɗi. Ragon da aka sayar don a ceci mai sunan bai ɓata ba.

Abin Da Malamai Suka Bari

Wani zai zaci wannan magana baƙuwa ce da likitocin Turai suka kawo. Tarihi bai yarda da haka ba. Littattafan sira sun kawo labarin Amiru ɗan Zaribi, alƙalin Larabawa kafin Musulunci, wanda aka kawo wa shari'ar gadon hunsa. Dattijon ya kwana yana juyi a shimfiɗa, bai sami mafita ba, har baiwarsa Suhaila, mai kiwon tumakinsa, ta tambaye shi abin da ya hana shi barci. Da ya gaya mata, ita ce ta nuna masa ya bi mafitar fitsari. Makiyayiya ce ta warware abin da ya gagari alƙali, domin ita ce ta saba duban halitta da idonta. Mutanen Dakoro, waɗanda rabin arzikinsu ke tafiya da ƙafa huɗu, ba sa buƙatar a yi masu sharhin wannan.

Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, littafin da almajiran fiƙihun Malikiyya ke kaiwa gare shi bayan sun ci Risala, da mas'alar hunsa ya rufe. Alamomin da aka jera a can sun haɗa da mafitar fitsari, da fitowar gemu ko nono, da haila ko maniyyi. Duba da kyau, ya mai karatu: mafi yawan alamomin nan ba sa bayyana sai da balaga. Ke nan malamai sun yarda a jira shekaru kafin a rufe magana. In kuma alamomi suka yi kunnen doki, sun ba wa halin suna, mushkili, wato wanda lamarinsa ya shige duhu, kuma ba su kore shi daga gado ba. Malikiyya sun ba shi rabin rabon namiji haɗe da rabin rabon mace. Mu ɗauka mutum ya rasu ya bar tumaki 12 da ƴaƴa biyu, namiji da hunsa mushkili. Da namiji ne, da ya sami 6. Da mace ce, da ta sami 4. Sai aka ba shi 5, ɗan'uwansa ya ɗauki 7. Shari'ar da ta zauna ta yi wannan lissafi ta ɗauki mutumin nan ɗan gida mai haƙƙi tun kafin ta san sahun da zai tsaya.

Wannan tarbiyya ce ta mazhabar tun daga tushe. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". In limamin Madina bai ji kunyar wannan kalma ba, ungozoma da malamin asibiti ba su da dalilin jin kunyarta. Kalmar da ta fi kowace daraja a ɗakin haihuwar nan ita ce: "Ba mu tabbata ba tukuna, sai an gwada." Magana zarar bunu ce. In aka yi shelar namiji yau, gobe gwaji ya nuna mahaifa, janye maganar a gaban gari ya fi ɗaukar dutse nauyi, kuma sau da yawa gidan yakan zaɓi ya zauna a kan kuskuren.

Ko ragon suna ma bai tilasta mana gaggawa ba. A mazhabar Malikiyya dabba ɗaya ake yankawa, ga namiji ko ga mace, babu bambanci. Rago ba ya tambayar me aka samu.

Sai dai gaskiya ta wajabta a ce alamar Suhaila tana da iyaka. Yarinya mai cutar gishiri, in siffarta ta yi nisa, tana iya yin fitsari ta inda namiji ke yi, alhali tana ɗauke da mahaifa. Yaro kuma, wanda mafitar fitsarinsa ta buɗe a ƙasan gaba, yana iya yi kamar mace. Magabata sun duba da abin dubawar zamaninsu. Bin sawunsu shi ne mu duba da namu. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1989, ta halatta a yi wa hunsa magani da aikin likita bisa ga abin da ya rinjaya a halittarsa. Abin da ya rinjaya kuwa bincike ne ke nuna shi. Son zuciyar uba mai neman magaji ba hujja ba ne.

Wannan son zuciya yana da farashi. Yarinya mai cutar adirenal da aka raina a matsayin namiji ba tare da magani ba, in ta tsira daga zubar gishiri, takan yi balagar wuri, tsawonta ya tsaya, wata rana kuma jini ya iya bayyana. An sami "ɗa" na ƴan shekaru, an rasa ƴa wadda da za ta iya zama uwa, an kuma bar mutum da kaya a kai wanda bai san lokacin da aka ɗora masa ba.

Wuƙa Biyu

In neman magani ba ya jira, wuƙa ita ce ya kamata ta jira. Wuƙa ta farko ta wanzami ce. A makon haihuwa yakan zo cire belu, kuma a wasu gidaje akan ba shi jaririya ya duba ko tana da abin da ake kira angurya, ya yanke. Dokar Nijar ta 2003 ta haramta yankan gaban mata, amma doka ba ta shiga kowane ɗaki. Jaririyar da gabanta ya girma fiye da kima ita ce ta fi kowa shiga wannan haɗari: a yanke abin da ba ya tsirowa, jini ya zuba daga jikin da ba shi da kotisol ɗin jure rauni, cutar kuma tana nan ba a taɓa ta ba. Haka nan kaciya: yaron da mafitar fitsarinsa ta kauce, fatar da wanzami zai jefar ita ce likita zai buƙata ranar gyara.

Wuƙa ta biyu ta likitan fiɗa ce, kuma ita ma tana da tarihin da ya kamata a sani. Daga shekarun 1950 ra'ayin John Money ya yi rinjaye a asibitocin Yamma: cewa jariri kamar ɗanyen yumɓu ne, in aka gyara gaba da wuri, aka raine shi a kan jinsi ɗaya ba tare da an gaya masa komai ba, zai zauna a kai. Babbar hujjarsa wani yaro ne ɗan Kanada, David Reimer, wanda aka haifa cikakken namiji a 1965, kaciya ta lalata masa gaba, aka mai da shi mace bisa shawarar Money. Shekaru ana ba da labarin a matsayin nasara. Ashe yaron bai taɓa karɓar abin da aka mai da shi ba. Da ya ji gaskiya yana matashi sai ya koma namiji. Milton Diamond da Keith Sigmundson suka fallasa lamarin a 1997, shi kuma Reimer ya kashe kansa a 2004. A cikin waɗannan shekaru manya da dama da aka yi wa fiɗa suna jarirai suka fito suna ba da labarin tabo, da mutuwar jin jiki, da ƙaryar da aka raine su a kai. Malta a 2015 da Jamus a 2021 sun kafa dokokin taƙaita irin wannan fiɗa ga yaran da ba su kai ba da izini ba, kuma a Afrilun 2024 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurinta na farko a kan masu wannan hali.

Ba a rufe muhawarar ba. Akwai aikin da ba makawa a yi shi da wuri, kamar inda fitsari ko bayan gida ya rasa mafita. Akwai kuma likitoci masu gaskiya da ke ganin gyara wa yarinya mai cutar adirenal tun tana ƙarama ya fi sauƙi, suna kafa hujja da cewa kusan 95 cikin 100 na waɗanda aka raina a matsayin mata sun zauna a kan haka. Amma a irin halin da aka gani a Dominika, fiye da rabin waɗanda aka raina mata sun koma maza bayan balaga. A nan wuƙar wuri tana iya sare reshen da mutum zai nema gobe. Ma'aunin da hankali ya yarda da shi shi ne: duk abin da ba ya komawa, kuma rai ko lafiya ba su rataya a kansa ba, mai jikin ya fi kowa haƙƙin a ji ta bakinsa. Iyaye masu riƙon amana ne, ba masu mallaka ba.

Amsa Ga Mai Suka

Mai suka zai ce: Dakoro ba Malta ba ce. A nan yaro ba ya tashi a tsakiya. Harshenmu kansa ba ya barin mutum ya yi wa jariri wasa sai ya zaɓi "kai" ko "ke", ba ya barin a ba da labarinsa sai an ce "ya yi" ko "ta yi". Yaron da aka bari ba gyara, ranar da tsaransa suka gan shi a bakin rijiya ko a makarantar allo, wa zai tare masa bakinsu?

Wannan suka tana da nauyi, kuma ba na raina ta. Amma ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Babu wanda ya ce a bar yaro ba suna ba jinsi. Masanan taron Shikago da kansu sun ce kowane jariri a ba shi jinsin da za a raine shi a kai, bayan bincike, bisa ga abin da ya fi rinjaye. Abin da ake nema jinkirin kwanaki ne ko makonni kafin shela, da jinkirin shekaru kafin yankan da bai zama dole ba. Hukuma ma ta ba da sarari: dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba da kwana 60 a kai rahoto. Suna kuwa ana sauya shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunayen sahabbai da dama, har da na matarsa Juwairiyya wadda a da ake kira Barra. Riga ana sauya ta, takarda ana gyara ta a gaban alƙali. Naman da aka yanke ne kaɗai ba ya komawa. Batun bakin yara kuma, sutura da tarbiyya ne maganinsa. In muka ce sai an yanki jariri domin manya sun kasa riƙe harshensu, to mun ɗora wa mara laifi biyan bashin masu laifi.

Rufin Asiri Da Ɓoye Gaskiya

Saura haƙƙi biyu. Na farko na uwa ne. A gidaje da yawa ita ake tuhuma: ta fita da almuru, ta gamu da iska, an yi mata sammu, jininsu ne ba shi da kyau. Wata ma takan rasa aurenta a kai. Ilmi ya wanke ta. Cutar adirenal, da irin ta Dominika, ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, su kuwa lafiyarsu lau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa suka fi fitowa a auren zumunci, inda kaka ɗaya ya ba ɓangarorin biyu. Faɗin haka ba zagin auren zumunci ba ne. Amfaninsa shi ne gidan da ya taɓa gani ya shirya wa ciki na gaba, a haihu a asibiti, a gwada jaririn ko da namiji ne sak.

Na biyu na yaron ne. Ungozoma da wanzami da malamin asibiti sun ga abin da ba a ba kowa ya gani ba. Bakinsu in ya buɗe a kasuwa, sun ci amana. Wannan shi ne rufin asiri, kuma wajibi ne. Amma rufe wa maƙwabta dabam, rufe wa mai jikin dabam. Kuskuren zamanin Money shi ne ɓoye wa mutum labarin jikinsa, kuma mu ma kunya tana iya kai mu can ta wata hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: balaga za ta zo, neman aure zai zo. Gara ya ji daga bakin uwa da uba, kaɗan-kaɗan gwargwadon hankalinsa, da ya ji daga bakin mai gori. Wadda za ta sha magani duk rayuwarta kuwa, in ba ta san dalilinsa ba, wata rana za ta ajiye shi.

Saboda haka, in wata safiya a Dakoro ka tambayi me aka samu, aka ce maka jaririn ba ya jin daɗi, an wuce da shi Maraɗi, sai an dawo za a sa ranar suna, kada ka bi da wata tambaya. In kana da hali, ka ba da gudummawar kuɗin mota. Sa'an nan ka yi addu'ar da kakanninmu suka bar mana domin kowane jariri, wadda ba ta ce "shi" ba, ba ta kuma ce "ita" ba: Allah ya raya.